Kada Mu Saki Hannunta Bayan Arba'in

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sanya makwancin ɗan Adam na farko a cikin uwarsa, Ya sanya abincinsa na farko a ƙirjinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa maza da mata, akwai wata baiwar Allah da ba a cika ambatonta a kan mumbari ba, in kuwa an ambace ta, da la'ana ake haɗawa. Ita ce mace mai juna biyu, ko mai jego, wadda jarabar ƙwaya ta kama, ta gaji, ta fito neman magani. Haramcin abin da ta sha ba ɓoyayye ba ne, ita kanta ta fi mu sani. Abin da ya rage mu tambayi kanmu shi ne, da ta fito ɗin, wa zai ɗauki nauyin maganinta, kuma har zuwa yaushe?

Zan ɗan kai ku Amurka, domin can ne aka jarraba amsoshi iri-iri a kan dubban mata, aka rubuta abin da ya biyo baya, har da adadin waɗanda aka binne.

Asibiti a can ba kyauta ba ne, kuɗinsa na iya cinye gidan mutum. Talaka yana dogara ne da wani tsarin inshorar lafiya na gwamnati mai suna Medicaid, wanda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1965. Gwamnatin tarayya da ta jiha ke haɗa kuɗin, kowace jiha kuma tana da ta cewa a kan wanda zai shiga. Cikin kowace haihuwa goma a ƙasar, kusan huɗu wannan tsari ke biya. Yana biyan awo da haihuwa da magani, har da kuɗin motar zuwa ganin likita ga wadda ba ta da hanya.

Sai annobar ƙwaya ta zo, kuma daga takardar likita ta faro. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da maganin ciwo mai suna OxyContin, ya yi ta tallata shi da cewa da wuya ya kama mutum. A 2007 ya amsa laifin yaudara a gaban kotu, amma kafin nan jama'a da yawa sun riga sun kamu. Da aka matsa wa likitoci su rage rubuta shi, sai waɗanda suka kamu suka koma hiroyin, daga baya suka koma fentanil, wadda miligiram biyu nata kacal ke iya tsayar da numfashin babban mutum. Dukkansu dangi ɗaya ne da kodin da tiramol da muka sani a nan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙirga cewa a 1999, cikin kowace mace 10,000 da suka haihu a asibiti, 15 ne ke da wannan jaraba. A 2014 sun kai 65. A shekarar kaɗai an haifi jarirai kimanin 32,000 da jikinsu ya saba da ƙwaya tun suna ciki, da aka yanke cibiya sai ta yanke musu: kuka mai tsini da ba ya tsayawa, karkarwa, zawo, ƙin kama nono, rashin barci. Sama da kashi 80 cikin 100 na waɗannan jarirai, Medicaid ce ta biya musu kuɗin asibiti.

To ga inda gizo ke saƙa. A tsohuwar dokar, ciki shi ke buɗe wa mace ƙofa. A jiha kamar Texas, mai ciki tana shiga ko da abin da take samu ya kusan ninka ma'aunin talauci na gwamnati sau biyu. Jaririn da ta haifa kuma an ba shi shekara guda cur. Ita kuwa, kwana 60 bayan haihuwa katinta ya mutu, sai fa in talaucinta ya kai inda abin da take samu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wancan ma'auni ba. Mace ta yi wata shida tana karɓar magani, ta daina bin dillalai, fuska ta ciko, ta sauka lafiya, wata biyu bayan haka ta je kantin magani a ce mata babu sunanta. Wannan shi ne tattalin rumbu har a kwashe hatsi, sannan a bar wa gara shi.

Da a ce haɗarin ya ƙare da haihuwa, da sai mu ce suna da uzuri. A 2018 wata likitar yara, Davida Schiff, ita da abokan aikinta suka bi bayanan matan jihar Massachusetts da suka haihu tsakanin 2012 da 2014 suna fama da wannan jaraba. Suka tarar cewa lokacin da mace ta fi tsira daga shan abin da ya fi ƙarfinta shi ne watanni ukun ƙarshe na ciki. Lokacin da ta fi faɗawa kuwa shi ne daga wata na bakwai zuwa na goma sha biyu bayan haihuwa, inda haɗarin ya kusan ninka sau huɗu. A 2022 kuma CDC ta tattara binciken mace-macen iyaye mata daga jihohi 36, na shekarun 2017 zuwa 2019. Sama da kashi 80 cikin 100 da an yi abin da ya dace da ba su auku ba, a bisa sababi. Kashi 53 sun auku ne tsakanin mako guda da shekara guda bayan haihuwa. Sababin da ya fi kowanne yawa, kashi 23, shi ne lalurar ƙwaƙwalwa, har da kashe kai da zarcewar ƙwaya. Ya zarce zubar jini.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya taɓa zama gida da mai goyo. Muddin da ciki, tsoron abin da zai sami ɗan yana riƙe ta, ana ganinta wurin awo a kai a kai, kowa na tambayar jikinta. Da ta haihu sai ido ya koma kan jariri. Barci ya ƙaurace, kuɗi ya ƙare, baƙin cikin nan da ke kama wasu mata bayan haihuwa ya sauko, ga fargabar kada hukuma ta karɓe ɗan. Sannan ga wani abu da ya kamata kowa ya riƙe: jikin da ya yi watanni bai sha ba ya daina jure abin da ya saba jurewa. Adadin da take sha da, ta tashi ta yi wanke-wanke, shi ne zai tsayar mata da numfashi in ta koma masa yau. Mutuwar takan zo ne a daren farko na komawa. A daidai wannan gaɓa dokar ta zare hannunta.

'Yan'uwa, ba Amurkawa suka fara faɗawa wannan rami ba, kuma an nuna mana yadda mai tsoron Allah ke fitowa daga cikinsa. Ibn Sa'ad ya kawo cewa wani ayarin fatake ya sauka a filin salla na Madina a zamanin Sayyidina Umar, sai shi da Abdurrahman bin Auf suka kwana suna yi musu gadi. Cikin dare Umar ya ji kukan yaro, ya je ya ce wa uwar ta ji tsoron Allah ta lallashe shi. Kukan ya dawo, ya sake komawa. A ƙarshen dare ya koma cikin fushi, ya kira ta muguwar uwa. Ita ba ta san da wa take magana ba, sai ta ce ya dame ta, yaye take son yi masa yana ƙi. Ya tambaye ta dalilin gaggawar, yaro bai isa yaye ba. Ta ce ai Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi.

Ku dubi abin da ya faru daga nan. Minti kaɗan da suka wuce laifin na uwar ne a idonsa. Da ya ji dalili bai tsaya kare dokarsa ba, bai ce ai baitulmali ba zai iya ba, bai ce ai ita ta zaɓa ba. Ya ja sallar asuba mutane ba sa gane karatunsa don kuka. Da ya sallame ya yi wa kansa faɗa a gaban jama'a, yana tambayar 'ya'yan Musulmi nawa ya kashe ta wannan hanya. Ya sa aka yi shela kada kowa ya gaggauta yaye, daga yau kowane jariri yana da rabo tun ranar haihuwa, aka kuma rubuta wa larduna haka. Dokar tasa ba don mugunta aka yi ta ba, don tattalin dukiyar jama'a aka yi ta. Amma ranar da aka ɗora wa'adin a kai ita ta tura uwa ga cutar da ɗanta, kuma Umar ya ɗauki jinin a wuyansa, bai bar shi a wuyan matar ba. Duk wanda ke riƙe da alƙalamin kasafi, ko gwamna ne ko ɗan majalisa ko sakataren kwamitin masallaci, ya sani cewa ranar da ya rubuta tallafi zai ƙare, za a tambaye shi a kanta.

Amurkawa sun gyara nasu bayan an yi asarar rayuka. A 2018 aka yi dokar da ta wajabta wa Medicaid biyan magungunan wannan jaraba a kowace jiha daga Oktoban 2020. A Afrilun 2021 jihar Illinois ta zama ta farko da aka amince wa ta riƙe mai jego har wata 12. A shekarar dai majalisar tarayya ta buɗe wa dukkan jihohi wannan ƙofa daga 1 ga Afrilun 2022, na shekara biyar, a Disambar 2022 kuma ta mayar da shi na dindindin. Jihohin da ba sa ga-maciji a siyasa suka shiga ɗaya bayan ɗaya, Mississippi a 2023, Texas a Maris na 2024, zuwa tsakiyar 2025 Arkansas da Wisconsin kaɗai suka rage. Kati dai ba shi ne ganin likita ba. A wani bincike da aka buga a 2020, masu bincike a Jami'ar Vanderbilt sun sa mata su yi ta buga waya asibitoci a jihohi goma suna neman a sa musu ranar fara magani, wasu su ce suna da ciki, wasu su ce ba su da shi. Marasa ciki an karɓi kashi 74 cikin 100, masu ciki kashi 61. Wadda ta fi kowa buƙata ita aka fi gudu.

Yanzu maganin da ake ta biyan nan, mene ne shi? A nan na san wasu za su ɗaure fuska. Ga mai ciki magunguna biyu ne, metadon da bufurenofin, kuma dukkansu daga dangin ƙwayar suke. Wani zai ce, ashe musanya ƙwaya da ƙwaya ne, me ya hana ta daina kawai ta tuba? Abin da ya hana shi ne jikin da ya kamu ba ya sakin mutum da niyya kaɗai. In mai ciki ta yanke dare ɗaya, amai da zawo da ciwon gaɓɓai da zufa za su rufe ta, abin da ke cikinta ma yana shan tasa wahalar, ana jin tsoron ɓari ko haihuwar bakwaini, kuma mafi yawan waɗanda suka yanke haka komawa suke yi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2014, ta ce a ɗora mai ciki a kan ɗayan waɗannan biyun a hannun likita, ya fi a sa ta yankewa. In aka daidaita awonsa, maganin ba ya bugarwa. Yana kwantar da ƙugin jiki ne yini guda cur, mace ta yi sallarta cikin hankalinta, ta yi girki, ta je awo. Wani gwaji da aka buga a 2010 ya nuna jariran da iyayensu suka sha bufurenofin sun yi kwana 10 a asibiti, na masu metadon kwana 17 da rabi, amma dukkan biyun sun fi ƙwayar titi nesa ba kusa ba.

Malamanmu tun da daɗewa sun halatta a gusar da hankalin majinyaci da banju don a yi masa aiki, kuma sun kafa ƙa'ida cewa ana tunkuɗe babbar cuta da ƙarama. Abin da likita ya auna, ba ya sa maye, yana kuma tsare rai biyu, ban ga ta inda zai zama ɗaya da kwalbar da aka ɓoye a ƙarƙashin katifa ba. 'Yan'uwanmu na Malesiya sun riga mu: masallacin Ar-Rahman da ke Kuala Lumpur ya haɗa kai da likitocin Jami'ar Malaya tun wajen 2010, masu jaraba suna zuwa su yi salla, su ji nasiha, su karɓi metadon a harabar masallacin. Ku tuna kuma ita kanta giya ba rana ɗaya aka hana ta ba. An fara da nuna cewa zunubinta ya fi amfaninta, aka zo aka hana kusantar salla cikin maye, sannan aka rufe ƙofa. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta bayyana cewa da hanin giya ne farkon abin da ya sauka, da mutane sun ce ba za su taɓa bari ba. Waɗannan fa sahabbai ne.

Sai maganar hukunci, wadda ita ce ta fi saurin zuwa bakinmu. Ita ma an gwada. A 1989 wani asibitin gwamnati a birnin Charleston ya fara auna fitsarin masu ciki ba da saninsu ba yana miƙa wa 'yan sanda. An kama mata 30, dukkansu baƙar fata ne ban da ɗaya, wasu an tafi da su da ankwa jim kaɗan bayan sun haihu. A 2001 Kotun Ƙoli ta ce hakan ya saɓa wa tsarin mulki. Jihar Tennessee ta yi doka a 2014 ta gurfanar da duk wadda ta haifi jariri da alamar ƙwaya, likitoci suka yi ta kukan cewa mata sun daina zuwa awo, wasu na ƙetarawa wata jiha su haihu, a 2016 aka bar dokar ta mutu. Wani bincike na 2019 ya kwatanta jihohi, ya tarar waɗanda suka bi hanyar hukunci sun ƙara samun jarirai masu wannan ciwo. Ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa, kuma uwar da ta san jifa na jiranta a asibiti ba za ta kai shi ba.

Mu da muke da Sunna bai kamata sai alƙaluman wasu sun koya mana wannan ba. Wani sahabi mai suna Abdullahi, ana yi masa laƙabi da Himar, yakan ba Manzon Allah dariya, an sha kawo shi ya sha giya ana yi masa bulala. Wata rana wani ya tsine masa saboda yawan kawo shin da ake yi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya shaida cewa mutumin nan yana son Allah da ManzonSa. A wata ruwayar ya gargaɗi masu zagin mashayi da kada su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Ga kuma matar nan Bagamidiya da ta zo da ƙafarta ta yi iƙirarin zina tana da ciki. Laifinta na haddi ne, ya fi na wadda muke magana a kai nauyi a shari'a. An ce ta koma sai ta haihu, wani mutumin Madina ya ɗauki nauyinta. Ta haihu ta dawo, aka ce ta koma ta shayar har ta yaye. A ruwayar wata mata 'yar ƙabilar Juhaina da ta zo da irin wannan iƙirari, Annabi ya kira waliyyinta ya umarce shi ya kyautata mata. Da Khalid bin Walid ya zagi Bagamidiya, an tsawatar masa, aka kuma yabi tubarta. Hukuncin Allah ma ya jira ciki, ya jira nono. Mu su wa da ba za mu iya jira ba?

Akwai wani abu da likitocin Amurka suka gano a makare, wanda kakanninmu mata da sun gaya musu kyauta. Shekaru da dama, jariri mai wannan ciwo ɗauke shi ake yi daga uwarsa a kai ɗakin jinya mai fitilu da ƙarar na'urori, ana auna kukansa da maki ana ba shi mofin. Wasu likitoci a asibitin Jami'ar Yale suka canza: a bar shi da uwarsa a ɗaki mai duhu-duhu, a jikinta, tana ba shi nono, abin dubawa kawai shi ne yana ci, yana barci, yana lallasuwa? A 2023 aka buga gwajin wannan hanya a asibitoci 26 da jarirai kimanin 1,300. Sun isa sallama a kwana 8 maimakon kusan 15, buƙatar mofin kuma ta ragu ƙwarai. Wato babban maganin yaron nan uwarsa ce. Mai cewa shi jaririn yake tausayi, ita kuwa ta je ta ji da abin da ta jawo wa kanta, bai san abin da jaririn ke buƙata ba.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A Afrilun 2018 BBC ta fitar da binciken ɓoye a kan maganin tari mai kodin, da Kano a tsakiyar labarin, kwana ɗaya bayan haka gwamnatin tarayyar Nijeriya ta hana haɗa shi da shigo da shi. A farkon 2019 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka fitar da ƙidayar da ta ce mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda kafin a yi ƙidayar, miliyan 4.6 irin su tiramol, miliyan 2.4 maganin tari, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. Matan nan ba a wata duniya suke ba. Suna aure, suna ɗaukar ciki, suna haihuwa a ɗakunanmu. Wata ƙawaye suka zuba mata a lemo wurin biki, wata zafin kishi da wulaƙancin miji suka hana ta barci har wata ta ba ta abin sa barci, wata bayan tiyatar haihuwa ce aka rubuta mata, wata mai sikila ce da allurar kashe ciwo ta zame mata ƙarfen ƙafa. Mafi yawansu ba wanda ya sani sai mai kemis.

Mu ma muna da namu wa'adin, ba a rubuce yake ba amma ya fi doka ƙarfi. Kwana arba'in ana tafasa ruwan wanka, ana dama kunun kanwa, ana gasa nama, uwa ko gwaggo tana ɗaki. Madalla da wannan, al'ada ce da ta tsare rayuka. Amma ranar da aka gama wanka kowa ya kama gabansa. Ƙidayar mace-macen haihuwa ta duniya ma, wadda ta nuna Nijeriya ke ɗauke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke rasuwa, a kwana 42 take tsayawa. Wadda aka wayi gari ba ta tashi ba a wata na takwas, da goyo a gefenta, ba ta cikin lissafin kowa. A ce ajali ne, a yi sadakar uku. Ajali gaskiya ne, amma Umar ma ya san da ajali a daren da ya yi kuka.

In asirinta ya tonu kuwa, mun san abin da ke biyo baya. Miji ya miƙa takarda, ya manta cewa Suratuɗ Ɗalaƙ ta wajabta masa ciyar da mai cikin da ya saka har ta haihu, ta kuma wajabta masa ladan shayarwa. Iyaye su rasa yadda za su yi, su kai ta gidan mari, bayan duk mun ga ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fito da su cikin sasari a Rigasa da Daura a 2019. Sarƙa ba ta warkar da wannan ciwo, mai ciki kuwa tana iya rasa abin da ke cikinta a kanta. Asibitocin da suka san aikin suna nan, Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, sai dai ɗakin awo daban, ɗakin masu jaraba daban, kuma a ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fitowa, macen da aka saka da goyo ba ta da kuɗin ko ɗaya.

Doka ta buɗe 'yar ƙofa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta kafa asusun masu rauni, ta lissafa masu ciki da masu lalurar ƙwaƙwalwa a cikinsu. Jihohi suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya, irin KSCHMA ta Kano. Sarakuna da limamai da shugabannin ƙungiyoyin mata, in kun zauna da waɗannan hukumomi ko da wakilanku na majalisa, ku yi musu tambayar da ta kashe mata a Amurka kafin ta kashe namu: katin mai ciki yana binta har wata nawa bayan ta haihu, kuma maganin jaraba yana cikin abin da yake biya? Ku nemi shekara guda, a rubuce. Hukumomin zakka da waƙafi, wannan mata fakira ce, sau da yawa kuma bashin kemis ya yi mata katutu, ta shiga ta ƙofa biyu. Sarkin Masar Ƙalawun ya gina asibitin Mansuri a Alƙahira a 1284 da waƙafi, ana jinya ba a karɓar ko kwabo. Attajiran da ke gasar gina masallaci na biyar a layi ɗaya, ga inda ake neman sadaka mai gudana.

Iyayena ungozomomi da ma'aikatan jinya, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ku tambayi kowace mai awo abin da take sha, a keɓe, da murya ƙasa-ƙasa, kuma abin da ta faɗa ya tsaya tsakaninta da likita. Tsawa ɗaya a gaban layi ta isa ta sa ba za ku sake ganinta ba sai an kawo ta ranga-ranga.

Ke kuma 'yar'uwa, in kina karanta wannan kwalbar tana kusa da ke, ƙofar tuba ba ta rufe ba, kuma zuwa asibiti yana cikin tubar. Kada ki yanke da kanki dare ɗaya kina da ciki. Ki faɗa wa likita sunan abin da adadinsa, kada ki rage don kunya, domin a kan abin da kika faɗa zai yi awo. Ki sani kuma kodin da tiramol suna bin nono. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2017 kada mai shayarwa ta sha su, don suna iya danne numfashin jariri, alhali wadda likita ya daidaita a kan metadon ko bufurenofin ana ƙarfafa mata ta shayar. In kika zame bayan kin fara magani, ki koma washegari. Himar ma an sha kawo shi.

Miji da suruka da maƙwabciya, ziyarar da ta fi muhimmanci ita ce ta wata na bakwai da na tara, lokacin da ba wanda ke zuwa. A karɓar mata goyon ta yi barci, a raka ta asibiti, a biya kuɗin mota. In kuwa aka same ta ba ta farkawa, numfashi na fita da ƙyar ko tana wani irin minshari, leɓɓa sun canza launi, baƙin ido ya tsuke, kada a ɗura mata madara ko manja, kada a ce a bar ta ta yi barci abin ya sake ta. A kwantar da ita a gefe ɗaya, a nufi asibiti nan take da kwalbar ko takardar ƙwayar a hannu, a faɗa wa ma'aikata gaskiya tun daga ƙofa. Akwai allura mai suna nalokson da ke karya ƙarfin wannan dangin ƙwaya cikin mintuna, amma sai sun san abin da ta sha za su ɗauko ta da wuri.